Aljihu Mai Jan Maɓalli

Faɗanmu na farko a kan kujera aka yi shi. 'Yar kujera ce ta katako mai ƙafa uku, da nake ajiyewa a bakin ƙofata, gefen matakalar bene, inda hasken safe yake sauka. Shekara goma sha tara a nan nake zama in zura zare a allura, domin ɗakina duhu gare shi, idona kuma ba na da ba ne. Kwana huɗu da tarewar sababbin mutanen sama, na fito da safe na tarar an kai kujerata bayan tankin ruwa, an ture kwandon ƙyallayena gefe. Wata doguwar mace tana tsaye a daidai mazaunina, ta jingina waya a kan bokiti, tana yi mata murmushi kamar ta ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

Na tambaye ta wa ya mutu ya bar mata gadon wurin. Ta ce hoto ɗaya tak za ta ɗauka, bangon ne ya yi mata kyau. Na ce bangon bai yi kyau da kansa ba, ni nake wanke shi duk mako. Sai ta ce ai kujerar ce take ɓata hoton.

"Iya, ki yi haƙuri, ban san taki ba ce."

"Da ta wa kika zata, ta aljanu?"

Na ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Doguwar riga ruwan ƙwai, farin kambas irin na masu gudu, ɗankwali an ɗaure shi a gefe ɗaya kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Yaro a kwankwaso, makulli a baki, cokali da safa ɗaya a hannu. Na ce mata mace mai 'ya'ya da take yawo da riga ba aljihu, dole hannunta ya riƙa kaiwa ga kayan mutane. Na faɗa ne don ta ji haushi. Sai ta fashe da dariya har makullin ya faɗi. Babu abin da ya kai wannan ciwo, ka shirya faɗa a yi maka dariya.

Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofata da rigar a hannu, ta ce tunda ni na ga ciwon, ni zan yi maganinsa.

Shekara shida ke nan da tashinsu daga gidan nan. Ma'aikaciyar asibitin da take saman yanzu ita take rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Kuma sai da na sa aka tambayi yarinyar da labarin ya fi shafa, ta ce in faɗa, ta girma. Za ku gane dalilin tambayar nan gaba.

Ni ɗinki na yi duk rayuwata, gyara da faci da rage tsawo. Ban taɓa zama a aji ba. A ranar ba ni da ƙyalle ruwan ƙwai, sai na yanko kore na yi mata aljihu biyu masu zurfi, waɗanda hannu zai shiga har ya wuce wuyan hannu. Na zata za ta ce launin bai dace ba. Ta sa rigar a tsakiyar ɗakina, ta zura hannuwa, ta juya, ta ce ba ta taɓa jin ta zama cikakkiyar mutum ba sai yau. Washegari ta kawo sauran. Riguna bakwai gare ta a duniya, ba ta takwas. Kowacce na sa mata aljihun da bai yi kama da ita ba: shuɗiya da ja, baƙa da mai furanni, fara da wani ƙyallen labule da ya rage mini. Mutane suna ganin hotonta su zata ɗaki guda ta cika da kaya. Ba komai ba ne sai juya ɗankwali, naɗe hannun riga, yau ɗamara gobe babu. Kambas ɗin nan kuwa guda ɗaya ne, da tsohon buroshin haƙori take wanke shi.

Mijinta mai gyaran firji ne, mutum mai sanyi kamar sana'arsa. In ya gaishe ka da safe ya gama maganar yini. Ƙaramin yaron shekararsa biyu, Guguwa muke ce masa, don in ya ratsa ɗaki sai an nemi murfin tukunya a ƙarƙashin gado. Babbar kuwa shekararta tara, siririya, idanu manya, cin abincinta tsinci-tsinci. Ni na sa mata Tsuntsuwa, sunan kuma ya bi ta. Halin ubanta ta ɗauko, ta ƙara da nata.

Ranar da na fara hawa samansu na ga yadda ake yin abin. Ɗaki biyu ne da ɗan madafi. Kusurwa ɗaya ce tsaf, wajen taga: farin labule, tukunyar fure, kujera da matashi. Juya bayanka kuwa ka ga duniya. Wanki a kan gado, kayan gyaran mijin a ƙarƙashin tebur, bango duk zanen Guguwa. Na ce mata ashe ƙarya take sayarwa. Ta ce in zauna in ji. Ta ɗauko wayar ta karanta mini abin da ta rubuta a ranar, a kan yadda ta tura wankin bayan ƙofa don ta ɗauki hoto, Guguwa ya buɗe ƙofar ya zubo mata shi a ka. Na yi dariya ban shirya ba. Shafi gare ta a intanet, ta ce, inda take rubuta zaman gidanta da abin da ta sa a jiki, mata suna karantawa suna mayar mata da nasu. Da babban yatsa ɗaya take rubutun, ɗaya hannun yana juya tukunya, ko yana riƙe da ƙafar Guguwa kada ya hau taga. In jimla ta zo mata tana shanya sai ta tsaya da rigar a sama, bakinta yana motsi, har ruwa ya gangaro mata cikin hannu.

Ban san karatu ba, amma na san magana mai daɗi in na ji ta. Yarinyar nan ta iya.

Aljihun ne ya ɗaga ta. Wata Asabar ta juye abin da ke ciki a kan farin faranti don ta wanke rigar, sai ta tsaya tana kallo. Murfin kwalba, rabin biskit, ƙusar firji, safa ɗaya, dutsen da Guguwa ya ba ta ajiya, ƙaramin abin ɗaure gashi. Ta ɗauki hoto, ta rubuta labarin makon daga kayan nan, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya zama aikin kowace Asabar. A bakin ƙofata take ɗaukar hoton saboda hasken, amma yanzu sai ta yi sallama ta roƙa, ni kuma in matsar da kujerata taƙi ɗaya, ba ƙari. Mata suka fara turo mata hotunan nasu aljihun da jakunkuna. Suka sa mata Mai Aljihu. Matan layinmu, waɗanda da ko zani ba sa kawo mini, suka fara layi a ƙofata kowacce da rigarta, wai irin na Mai Aljihu. Na ce irin nawa dai, ita sawa kawai take yi.

To, akwai wani abu da yake shiga aljihun nan wanda ba na faranti ba ne. Tsuntsuwa ba ta iya buɗe baki ta ce ga abin da ke damunta. Rubutawa take yi a 'yar takarda, ta ninke huɗu, in ta dawo daga makaranta ta rungume uwar sai ta zura mata a aljihu. Uwar ta karanta a madafi, ta yi abin da ya kamata ba tare da an tayar da zancen ba. In takardar ta ce takalmi ya matse, bayan kwana biyu sai a ga wani a bakin ƙofa. In ta ce tana tsoron karen gidan da ke kan kwanar layi, sai uwar ta sauya hanyar rakiya. Hanyarsu ke nan, su biyu, kuma hanya ce mai kyau.

Asabar ɗin da abin ya faru ba na gida, na je a duba mini ido. Da ina nan da na ga takarda a buɗe a kan farantin, da na tambaya. Abin da ke cikinta, yadda aka faɗa mini daga baya, shi ne yarinyar ba ta da ƙawa ko ɗaya a makaranta, in an fita cin abinci bayan aji take zuwa ta zauna ita kaɗai, kuma kada a faɗa wa Baba. Uwar ta karanta ta yi kuka. Ita kuwa abu ɗaya ta sani da ake yi da kuka, a rubuta shi. Ta shimfiɗa takardar a tsakiyar faranti, da rubutun yarinyar da komai, ta ɗauki hoto, ta yi dogon rubutu a kan zuciyar uwa. Baba dai ba ta faɗa masa ba. Duniya ta faɗa wa.

Ba ta taɓa yin rubutun da ya yi nisa kamar wannan ba. Ya je wurin mutanen da ba ta sani ba, ya kuma je wurin waɗanda ta sani, iyayen 'yan ajin yarinyar. Kowace uwa ta ja ɗiyarta ta ce maza ki yi ƙawance da baiwar Allahn nan. Ranar Litinin malamar ajin, ita ma da kyakkyawar niyya, ta fito da Tsuntsuwa gaban allo ta ce wa zai zama ƙawarta ya ɗaga hannu. Kafin a tashi yara sun haddace takardar, suna rera ta a bayanta suna tafi.

Da ta dawo ba ta hau sama ba. Ɗakina ta shigo da jakarta, ta shige ƙarƙashin teburin keken ɗinki ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Na ci gaba da aikina, ƙafata tana taka keke kusa da gwiwarta, har rana ta yi sanyi.

Daga ranar uwar ba ta ƙara samun komai daga gare ta ba sai eh, a'a, na ƙoshi. Takarda ta ɗauke. In uwar ta rungume ta sai ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, kamar mai jiran a gama auna ta. Kullum bayan makaranta tana ƙarƙashin teburina tana rubutu. Wata rana ta ɗago kai.

"Iya, da gaske ba ki iya karatu ba?"

"Ko sunana kika rubuta, sawun tururuwa zan ɗauka."

Ta gyaɗa kai, ta buɗe gwangwanin maɓallaina, ta tura takardar can ƙasa. Haka ya zama kullum. Gwangwanin ya fara ƙin rufuwa.

Uwar da farko kare kanta ta yi. Ta ce mata dubu nawa ne suka yi mata godiya, wasu sun ce rubutun ya sa sun gano nasu 'ya'yan suna cikin irin halin. Ta ce yara mantuwa gare su. Ana cikin haka wani kamfanin tufafi ya aiko yana so ita da 'yar su sa riguna iri ɗaya a ɗauke su hoto, uwa da 'ya masu aljihu. Ta sauko tana ba ni labari fuskarta tana haske. Na ce ta tambayi ɗaya mai aljihun tukuna.

Mako uku ana haka, sai ta gano zancen gwangwanin. Ta bari yarinyar ta tafi makaranta ta shigo mini, ta ce in ba ta ta duba, so take kawai ta san ko lafiya. Na ɗauki gwangwanin na ɗora a cinya na dafe.

"Iya, 'yata ce fa."

"Na sani. Shi ya sa ta ba ki ta farkon."

Ta ce ban gane ba, zamani ya canza, rubutu aikinta ne. Na ce ni da ban san baƙi ba na fi ta iya riƙe takarda. Na ce a zamaninmu ma muna da masu baki, ni kaina ina cikinsu, amma tsegumin wancan lokacin in ya zaga gida uku sai ya gaji ya kwanta. Naki ba ya gajiya, ba ya barci, yarinyar nan za ta yi furfura yana nan yana jiranta. Na ce kin iya tura wanki bayan ƙofa don kada a ga dattin gidanki, amma kin ɗauki cikin 'yarki kin shanya a titi. Na faɗi wasu ma da ba sai an rubuta ba. Ta fita, ta bar mini ƙofa a buɗe. Na ce shi ke nan, na rasa mai kawo mini riguna.

Washegari da safe na fito na tarar da ita zaune a matakala ta uku, kai ba ɗankwalin ado, sai wani tsohon mayafi. Wayar tana hannunta. Ba ta gaishe ni ba, ni ma ban gaishe ta ba. Yatsanta yana ta taɓawa yana ja, yana taɓawa yana ja. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, gogewa take yi. Wancan rubutun ta fara cirewa. Sannan ta bi duk hoton da fuskar yaranta ta fito, duk labarin da ya taɓa su, na haƙorin farko, na zazzaɓi, na ranar da Tsuntsuwa ta ɓata a kasuwa. Aikin shekara huɗu. Kwana uku ta yi a matakalar nan, mijin ya bar gyara ya riƙe Guguwa, bai tambaye ta komai ba. Wasu tana karantawa kafin ta goge, in ga kafaɗarta tana motsi. Kamfanin ta rubuta musu ta ce a'a. A rana ta uku na kawo mata shayi na ajiye a gefenta, na ce ya huce ba ruwana.

Masu karatun suka watse, kusan rabi. Wasu suka ce ta yi girman kai, wasu suka ce dama yaran ake zuwa gani, ita wa ya damu da ita. Tana karanta mini zagin da kanta. Na ce ta ba ni wayar in amsa musu, ta ce Allah ya rufa asiri da ban iya rubutu ba.

Ta zaunar da yarinyar ta ba ta haƙuri, haƙuri na gaskiya, ba irin na manya da ake haɗawa da amma ba. Tsuntsuwa ta ce to. Babu abin da ya canza.

Sai ta kafa doka a gidan. Duk Asabar, kafin a ɗauki hoto, za a ɗora farantin a tebur kowa yana zaune. Duk wanda ya ga abinsa, ko abin da ya shafe shi, yana iya ɗaukewa, kuma ba a tambayarsa dalili. Bayan nan ta karanta rubutun da ƙarfi, da amsoshin da za ta ba masu tambaya, in wani ya ce a cire layi a cire. Ni ma aka ce in riƙa hawa, tunda bakina ba ya rasa shiga. Makon farko mijin ya ɗauke ƙusarsa ya ce sirrin sana'a ne, wannan ne barkwancinsa na shekarar. Guguwa ya cinye biskit ɗin. Tsuntsuwa ta miƙa hannu ta ɗauke abin ɗaure gashinta, da guntun fensir, da wani zare da ita kanta ba ta tabbata nata ba ne. Uwar ta bi hannun da ido. Haka mako bayan mako. Farantin ya rame.

Da ya rame, dole ta juya kan kanta. Ta rubuta a kan ƙafafunta da suka ƙara girma bayan haihuwa ba su koma ba. Ta rubuta yadda ake zaman shekara da riguna bakwai, da tukunyar da ta ƙona don ta tsaya neman kalma, da yadda take jin kunyar cewa ta gaji. Ta so ta rubuta a kaina, na ce hannuna kawai za a ɗauka, fuskata ba ta haya ba ce. In za a bi ta tawa, rubutun ya fi na da. Da tana jingina da yaran ne, yanzu ta tsaya da ƙafarta. Sannu a hankali wasu matan suka zo, ba masu son kallon 'ya'yan mutane ba, masu son a faɗa musu gaskiyar yininsu. Kafin wata uku sun cike gurbin waɗanda suka tafi har sun ɗara. Yanzu ma ina ji har shago gare ta na riguna masu aljihu, da mata huɗu a kan keke. Amma a lokacin duk wannan bai dame ta ba. Aljihun bai ga takarda ba.

Sai ga labarin tashi. Mijin ya sami aiki a wani gari mai nisa, wurin manyan ɗakunan sanyi, an ba su wata biyu su shirya. Kowa yana murna, ni ina lissafin wani abu daban. Yarinyar nan teburina da gwangwanina take da su. In aka ɗauke ta aka kai inda ba ta san kowa ba, ba ta magana da uwa, ubanta kuma ba a magana da shi don shi ma ba ya yi, ina za ta kai abin da ke cikinta?

Na aika a kira mini uwar da rigarta ruwan ƙwai. Na farke aljihun dama, na yanka wani ƙaramin ƙyalle na ɗinka shi daga ciki, aljihu a cikin aljihu, na sa masa jan maɓalli babba da na tono daga gwangwanin ba tare da na taɓa takardun ba. Na ce ta nuna wa yarinyar sau ɗaya, ta faɗi magana ɗaya, sannan ta kama bakinta, duk da na san naƙuda ta fi mata sauƙi. Kwana biyu na yi ina bin sauran rigunan shida. Jajayen maɓallan ba su kai ba, sai da na ciro na tsohuwar rigar sanyina.

A gabana ta nuna mata, a bakin ƙofata. Ta durƙusa daidai tsayinta, ta buɗe babban aljihun ta nuna ƙaramin.

"Wannan ba ya hawa faranti."

Tsuntsuwa ta leƙa, ta taɓa maɓallin da yatsa ɗaya, ta wuce ƙarƙashin teburina.

Mako bakwai aljihun nan ba komai. Ina ganin hannun uwar yana komawa wurin kamar harshe a kan haƙori mai ciwo. A mako na huɗu gefen maɓallin ya fito a wani hoto, wata mai ido ta tambaya na mene ne. Kafin yamma masu tambaya sun fi ɗari. Ta sauko wurina tana zagaye ɗakin, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa samun labari mai kyau irin wannan ba, yana mata ƙaiƙayi har cikin yatsu. Na ce ta sosa wani wurin. Ranar Asabar a tebur ta karanta tambayoyin, sannan ta karanta amsar da za ta ba su: na gida ne. Iyakar amsar ke nan. Suka matsa mako na gaba, ta sake karanta musu ita a gaban kowa. Ina kallon Tsuntsuwa. Kanta yana ƙasa tana wasa da cokali, amma kunnuwan nan a tsaye suke.

Ranar tashi motar kaya ta zo da sassafe. Mijin yana ɗaure firjinsu da igiya kamar mai goya jariri, Guguwa yana shiga ƙafar masu ɗaukan kaya, an fito da tukunyar furen da farin labulen, kusurwar nan mai kyau ta koma bango kawai. Tsuntsuwa ta shigo ɗakina ta ce in ba ta ajiyarta. Na miƙa mata gwangwanin. Ta juye shi a kan gadona, ta tsince takardun daga cikin maɓallai, ta zuba su a jakar makaranta, ta mayar mini da maɓallaina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shiga ƙarƙashin teburin karo na ƙarshe, ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Da ta fito ta rungume ni, ta ce in daina zura allura da kaina in ido ya ƙi, in nemi taimako. Na ce ta tafi ta ba ni wuri, tsohuwa kawai.

Ba a jima ba uwar ta shigo. Rigar ruwan ƙwai ce a jikinta, da kambas, ɗankwalin ya zame har kafaɗa ba ta sani ba. Hannunta na dama yana cikin aljihu. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, daidai inda ta tsaya ranar da na fara sa mata aljihun. Ta ce yarinyar ta rungume ta a gindin matakala, da hannu biyu, ta ji an ɓalle maɓallin an mayar. Ta zagaya bayan tankin ruwa ta karanta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ƙagu in ji. Wata biyar ina kwance a kan takardun nan kamar kazar da aka sa wa ƙwan wata, ban san kalma ɗaya a ciki ba. Na jawo kujera na ce to, me ta ce?

"Ba zan faɗa miki ba, Iya."

Na ce ni fa, ni da na ɗinka aljihun da hannuna. Ba ni da waya, ban iya karatu ba, ƙafata ɗaya a kabari, wa zan faɗa wa? Ta share ido da bayan hannu tana dariya.

"Ko ke."

An sha hana ni abu a duniya, amma ban taɓa jin daɗin hani irin na ranar ba. Ta ƙofa ina hango Tsuntsuwa a gaban motar, ta ɗora jakarta a kujerar da ke kusa da ita tana kare wa uwar wuri, tana leƙowa ko ta fito.

Direba ya danna ham. Kunnena ba ya ɗaukar maganar waya, sai ƙugi kawai nake ji, don haka na san abin da zan faɗa yanzu shi ne na ƙarshe baki da baki. Na ɗebo jajayen maɓallan da suka rage na rigar sanyina guda biyu, da allura, da ƙullin jan zare, na zura mata a babban aljihun na hagu, na daddanna.

"Duk shekara ki farke ƙaramin aljihun ki ƙara masa zurfi, yarinyar girma take yi. In kuma kin je can kin ga kujerar wata tsohuwa a wurin haske, ki yi sallama tukuna."